Kaji sun fara ciwo a gida: yadda za ku kai ga likitan dabbobi a Sakkwato, a gano cutar kafin a sayi magani

Daga watan Nuwamba, idan iskar hunturu ta fara kaɗawa, da wuya ka ratsa unguwa a Sakkwato ba ka ji wata uwar gida tana kukan kajinta sun fara mutuwa ba. Abin da aka saba yi kowa ya san shi. A aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da yalo a farke a zuba a ruwa, ko a jiƙa ɓawon maɗaci da barkono, wadda ta galabaita kuma a yi maza a yanka kafin ta zama mushe. Kwana kaɗan sai akurki ya zama kango. Har kajin suka ƙare babu wanda ya san abin da ya kashe su, saboda haka baɗi ma haka za a sake yi.

Wannan jagora ta masu kiwon gida ce, masu kaji goma ko ashirin ko hamsin a bayan ɗaki. Abin da nake so ku riƙe shi ne a san sunan cutar kafin a kashe ko sisi a kan magani. Cututtukan kaji da yawa kama ɗaya suke yi a ido: kaza ta takure, ta saki fukafukai, tana gyangyaɗi, tana zawo. Amma wasu bakteriya ke kawo su kuma suna jin magani, wasu tsutsa ce ko ƙwaro, wasu kuma bairos ne wanda duk maganin da ke kemis ba ya taɓa shi. Wanda ya sayi magani da ka, sa'a kawai yake gwadawa da dukiyarsa.

Mataki na farko: ware mara lafiya, a tsayar da shige da fice

Da kun ga kaza ɗaya ta canza, ku ɗauke ta daga cikin sauran nan take. Kwali mai huda ko kwando ya isa, a ajiye shi nesa da akurki, a inuwa idan lokacin zafi ne, a wurin da iska ba ta bugawa idan hunturu ne. A ba ta mazubin ruwa da na abinci nata ita kaɗai. Ruwa mai tsabta da ɗan sukari ko bitamin na kaji ba ya ɓata bincike, kuma yana riƙe ta. Ku fara kula da masu lafiya tukuna, sannan mara lafiya, sannan ku wanke hannu da sabulu.

Daga wannan ranar kada a shigo da sabuwar kaza, kada a fitar da ko ɗaya zuwa kasuwa ko gidan 'yan uwa. Idan da hali a kulle sauran a cikin gida, kada su fita kiwo su cakuɗa da na maƙwabta. A hana yara wasa da mara lafiya.

Abu mafi wuya a nan shi ne haƙuri da magani. Idan za ku iya kai wa ga likita a cikin yini guda, kada ku ba da kowane irin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kazar da aka ɗura wa kafso kwana uku, idan aka ɗauki samfurinta zuwa ɗakin gwaje-gwaje, sau da yawa ƙwayar cutar ba ta fitowa, alhali kuwa ba ta warke ba.

Mataki na biyu: ku duba ta da kanku, a tsanake

Likita zai yi muku tambayoyi, kuma amsarku rabin bincikensa ce. Kafin ku kama ta, ku tsaya nesa kaɗan ku kalle ta na 'yan mintoci. Tana iya tsayawa? Tana ɗingishi, ko ƙafa ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya? Wuyanta ya murɗe, ko tana juyawa wuri ɗaya kamar mai jiri? Tana miƙa wuya tana buɗe baki don ta shaƙi iska?

Sannan ku ɗauke ta, ku bi ta daga kai zuwa ƙafa. Zankon kaza mai lafiya ja ne mai sheƙi. Idan ya koɗe ya yi fari-fari, jini ya ragu, kuma a nan tsutsar ciki da kaska da zawon jini su ne abin zargi. Idan ya yi duhu kamar shuɗi, lamarin ya fi haka girma. Ku duba ko akwai ƙuraje masu ɓawo a zanko da gefen ido, ko fuska ta kumbura, ko hanci na zubar da majina mai wari. Ku buɗe bakin a hankali ku leƙa: wani lokaci za ku ga wani abu fari ko rawaya kamar cuku ya manne a maƙogwaro. Ku kara kunne a bayanta ku ji ko numfashin na ƙara. Ku taɓa jakar abincin da ke gindin wuya da sassafe kafin a ba da abinci: ya kamata ta kwana ta zama fanko, idan ta kwana a cike da tauri ko tana wari, abinci ba ya wucewa. Ku shafa ƙashin ƙirji. Idan ya fito tsini babu tsoka a gefensa, ciwon ya daɗe, ba na jiya ba ne. Ku ɗaga fiffike ku ware gashi ku nemi ƙwarƙwata, ku duba dubura ko kashi ya manne, ku duba sangalin ƙafa ko jini ya kwanta a ƙarƙashin fata.

Kashi yana da labari, amma kada a yanke hukunci da shi kaɗai. Kashi mai jini a 'yan tsakin da suka kai mako 3 zuwa 6, musamman da damina idan ƙasan akurki ya jiƙe, yana nuna koksidiyosis, wato zawon jini. Farin zawo mai ruwa a 'yan tsakin wannan shekarun, suna tsattsagar duburarsu, yana kai hankali ga cutar Gumboro, wadda bairos ke kawowa. Koren zawo ana yawan ganin sa a cutar Niyukasil, wata annobar kaji da ita ma bairos ke kawowa, sai dai duk kazar da ta daina cin abinci kwana biyu kashinta na iya yin kore. Haka kuma kashi mai ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri da wari da kaza ke yi jefi-jefi, lafiyayye ne.

Akwai dubawar da ba a yin ta sai da dare. Akurkin ƙasa da muke ginawa yana tsagewa, kuma a cikin tsagar ne kaskar kaji ke ɓuya da rana. Bayan sallar isha'i ku ɗauki tocila ku haska bango da sandar da suke kwana a kai. Idan tana nan za ku gan ta shimfiɗaɗɗiya, launin toka, tana tafiya zuwa wurin kajin. Tana shan jini har ta kashe 'yan tsaki, kuma tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai sa zazzaɓi da koren zawo da shanyewar ƙafa. Mutum na iya duba kazarsa da rana sau goma bai ga komai ba. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo da suka manne a gefen ido da zanko kuwa ƙuma ce.

Idan a watan Afrilu ko Mayu ne, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kuma kajin duka suna haki da baki buɗe, sun ware fukafukai, manyan masu ƙiba ne ke faɗuwa da tsakar rana, to kafin komai a ba su inuwa da iska da ruwan randa mai sanyi. Kaza ba ta zufa, zafin jikinta ma kusan digiri 41 ne tana lafiya.

Mataki na uku: wace irin mutuwa ce?

Amsar wannan tambaya ita za ta nuna ko ku ne za ku je wurin likita ko shi ne zai zo. Idan kaza ɗaya ko biyu ne ke ciwo, sauran na kiwonsu, ku shirya kai su asibiti. Amma idan kun kwanta kaji lafiya kun tashi kun tarar da da yawa a mace, wasu kansu ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, jini ya kwanta a sangalin ƙafa, kuma zabi ko talotalo ma suna faɗuwa, to kada ku ɗauki ko ɗaya ku ratsa gari da ita. Wannan na iya zama Niyukasil mai tsanani, yana kuma iya zama murar tsuntsaye, kuma ido ba ya raba su, sai gwaji.

Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a jihar Kaduna, ta sake dawowa a 2015, kuma tun 2021 ana samun ɓullarta a jihohi daban-daban. Cuta ce da dole a sanar da hukuma, domin tana iya kama mutum. Ku kira asibitin dabbobi na gwamnati ko ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukumarku, su za su zo da kayan kariya su ɗauki samfur. Kafin su zo, kada a taɓa gawa da hannu tsirara, a sa leda a hannu a rufe hanci. Kada a yanka, kada a fige, kada a ci. Wanda ya yi hulɗa da kajin ya ji zazzaɓi ko tari, ya je asibitin mutane ya gaya musu cewa kaji sun mutu a gidansa.

Na san abin da ke hana mutane kira: tsoron a zo a kashe sauran. Gaskiya ne, idan aka tabbatar da murar tsuntsaye haka ake yi. Amma cutar da kanta ba ta cika barin kaji da rai ba, kuma ɓoye ta na nufin ta tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabci, ga yara na yawo a tsakar gidan.

Mataki na huɗu: ku rubuta abin da ya faru

Mafi yawan kajin gida na mata ne, amma sau da yawa maigida ko yaro ake aika asibiti, wanda bai san ranar da ciwon ya fara ba. Likita ya tambaye shi, ya ce bari ya koma gida ya tambayo. Don haka wadda ke kula da kajin ta rubuta a takarda, ko ta yi saƙon murya a waya. A faɗi yawan kajin da shekarunsu, na gida ne ko na gidan gona, nawa ke ciwo, nawa suka mutu kuma a wace rana, wane rigakafi aka taɓa yi musu, wane abinci suke ci kuma ko an canza shi kwanan nan, wane magani aka riga aka ba su. A faɗi ko akwai agwagi ko zabi ko tantabaru a gidan, da ko kajin maƙwabta na mutuwa.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce: an shigo da sabon tsuntsu a cikin mako biyu da suka wuce? Niyukasil na ɗaukar kwana 2 zuwa 15 kafin ta nuna a jiki. Zakaran da aka sayo a kasuwar Achida ko Illela, ko kazar da aka kawo kyauta daga ƙauye, tana iya zuwa garau alhali cutar na cikinta.

Ku ɗauki bidiyo na rabin minti da rana a fili, wanda zai nuna tafiyar kazar da numfashinta, da hoton kashin da na cikin akurki. Kuma ku faɗi gaskiya a kan maganin da kuka bayar, har da na gargajiya. Ba faɗa likita zai yi ba, so yake ya san abin da ke cikin jikin kazar.

Mataki na biyar: ina za a je?

Mutanen birnin Sakkwato sun yi dace, domin Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da Asibitin Koyarwa na Dabbobi a harabarta ta cikin gari. Mutane da yawa suna ɗauka wurin na ɗalibai ne ko na masu dawaki da karnuka. Ba haka ba ne, ana karɓar kaji, kuma amfaninsa shi ne akwai masu binciken gawa da ɗakunan gwaje-gwaje a kusa. Idan kaji na mutuwa an rasa dalili, ko an yi magani bai ci ba, nan nake ba da shawara a nufa.

Akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnatin jiha da ke titin Aliyu Jodi, wanda ya dace da duba na yau da kullum da rigakafi da kai rahoton annoba. Wanda ke nesa da birni, a Gwadabawa ko Tambuwal ko Isa, ya fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa. Ba lallai ya zama cikakken likita ba, amma ya san cututtukan yankin, kuma ya san wanda zai kira idan abin ya fi ƙarfinsa. Gwajin da ya shafi murar tsuntsaye da tabbatar da wasu cututtukan bairos, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ake aika wa, kuma likita ne zai aika, ba mai kaji ba.

Sai likitoci masu zaman kansu da shagunan maganin dabbobi. A nan a yi hattara. Wani shagon na likita ne mai rajista da hukumar VCN, wadda ke ba likitocin dabbobi lasisi a Najeriya, wani kuma ɗan kasuwa ne kawai ke tsare da shi. Ba laifi ba ne ku tambaya ko akwai likita a wurin. Alamar da ba ta ɓuya ita ce, wanda ya san aikinsa zai yi ta tambaya kuma ya nemi ganin kazar, wanda kuwa ya miƙo magani kala uku kafin ku gama bayani, ciniki yake yi.

Idan kun samu lambar likita, ku tura masa bidiyon da bayanin kafin ku tashi. Zai gaya muku ko ku zo, da abin da za ku riƙo, da abin da za a kashe. Amma hoto a waya ba ya maye gurbin bincike. Haka ma zaurukan masu kiwo na WhatsApp da Facebook: suna da amfani wajen samun lambar likita da jin cutar da ke yawo a gari, sai dai hoto ɗaya kan jawo sunayen magani goma daga mutanen da ba su ga kazar ba.

Batun kuɗi kuwa, wani zai ce kuɗin mota da na kati sun kusa kuɗin kazar. Lissafin ba na kaza ɗaya ba ne, na garken duka ne. Kuma tun da cutar unguwa ɗaya take bi, gida uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya, ko su ɗauko malamin dabbobi ya zagaya su a zuwa guda.

Mataki na shida: abin da za a kai, da yadda za a kai shi

A nan aka fi yin asara ba a sani ba. Kazar da ta mutu da asuba, wadda ake jefarwa a bola, ita ce ta fi kowa iya faɗin abin da ke kashe 'yan uwanta, muddin ta isa hannun likita kafin ta lalace. A zafinmu awa kaɗan ya isa cikinta ya fara ruɓa, alamomin su ɓace. Saboda haka, idan ba irin mutuwar nan ta kaji da yawa a dare ɗaya da aka faɗa a mataki na uku ba ce, da an tsince ta, a sa leda a hannu, a jiƙa gashinta da ruwan sanyi don zafin jiki ya sauka, a saka ta a leda biyu a ɗaure, a sa a kula da ƙanƙara. Sanyi ake so, ba daskarewa ba: gawar da ta daskare a firiza naman cikinta na canzawa, binciken ya yi wuya. Kada kuma a haɗa ta da abincin gida a firji. A kai ta a ranar, in ya yi nisa kada ya wuce awa 24. Kada ku feɗe ta a gida don ku leƙa.

Mafi kyau a haɗa da mai rai ɗaya ko biyu waɗanda ciwon ya kama sosai kuma ba a ba su magani ba. Idan gawa biyu ko uku ne sababbi, a kai duka, domin abin da bai fito a ɗaya ba yana iya fitowa a ɗayar. Ku sani tun daga gida cewa likita na iya neman izinin yanka mai ran don ya duba cikinta.

Mai rai a sa ta a kwali mai huda da ɗan tsumma a ƙasa. Kada a ɗaure ƙafafu a rataya ta a kan kabu-kabu kai a ƙasa, kazar da numfashi ke yi wa wuya ba za ta isa da rai ba. A fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. A riƙo sabon kashi a leda mai tsabta, da ɗan abincin da suke ci kamar cikin hannu, da kwalin duk maganin da aka bayar. Abincin yana da muhimmanci, domin masara ko dusa ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, ta raunana kaji har kowace cuta ta same su a sauƙaƙe. Kwalin da aka kai kazar a ciki kada ya dawo gida, a ƙone shi.

Mataki na bakwai: a gaban likita

Bayan tambayoyi da duba mai rai, sai a shimfiɗa gawar a tebur a buɗe. Idan an ba ku dama ku tsaya ku gani, domin darasi ne da ba a mantawa. Likita zai ja fatar ƙirji da cinya: ɗigon jini a cikin tsoka, tare da kumburin wata 'yar jaka da ke saman dubura ta ciki, alamar Gumboro ce. Zai tsaga ƙaramin tumbin da ke gaban ƙundu: jajayen ɗigo kamar an yayyafa barkono suna kai hankali ga Niyukasil. Rassan hanji biyu da ke kusa da dubura idan sun cika da jini, koksidiyosis ce. Hanta da ta kumbura ta yi launin tagulla, da saifa mai girma, suna nuna taifot na kaji. Tsutsa kuwa ana ganin ta da ido a cikin hanji, wani lokaci har ta toshe shi.

Gwajin kashi a na'urar hangen ƙwayoyin cuta yakan fito a ranar. Idan ana zargin bakteriya ne, za a ɗauki ɗan yankin hanta ko saifa a raini ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje, a gwada maganin da ke kashe ta, wannan kuwa yana cin kwanaki. Yawanci likita zai ba da magani bisa abin da ya gani, ya canza idan sakamako ya nuna wani abu daban.

Kada kunya ta hana ku tambaya. Kuna iya cewa, "Likita, wace cuta kake zargi, kuma ka tabbatar ko sai an yi gwaji?" Sannan, "Tana da magani, ko lallaɓa su kawai za mu yi?" Ku tambayi ko sauran ma za a ba su, da awon maganin a lita nawa ta ruwa, da kwana nawa, da ranar da za a iya cin ƙwai da nama. Ku roƙi a rubuta muku sunan cutar da na maganin a takarda. Likita na iya cewa, "Hajiya, wannan ba ta da magani, sai dai mu ceci waɗanda ba ta kama ba." Wannan ma sakamako ne mai daraja, ya tsare muku kuɗin da za ku zuba a banza, ya kuma nuna rigakafin da za a yi nan gaba.

Mataki na takwas: bayan an dawo gida

Ku sayi maganin da aka rubuta, na dabbobi, mai lambar NAFDAC, wanda kwanan watansa bai ƙare ba, kuma ba wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa ba. A auna ruwan da robar da aka san litarta, kada a ƙiyasta da ido. A dama sabo kullum, a ɗauke duk wani ruwan sha da ke tsakar gida, har da na gindin randa da na wurin wanke-wanke, in ba haka ba can za su sha su bar na maganin. Wadda ba ta iya sha da kanta a ɗiga mata a gefen baki a hankali, kada a ɗura ya shiga huhu. A cika kwanakin da aka ce ko da sun warware a rana ta biyu. Yankewa a tsakiya shi ke sa ƙwayar cuta ta saba da magani, gobe a ba da shi ya ƙi aiki.

A jikin kwalin magani akwai kwanakin da za a jira bayan an gama kafin a ci nama ko ƙwai. A kiyaye su, domin ragowar maganin na shiga cikin masu ci, kuma yara ne suka fi cin ƙwan gida. Kai kaza mai ciwo kasuwa a sayar kafin ta mutu algus ne, kuma ta nan ne annoba ke yaɗuwa daga gari zuwa gari.

Idan an kwana biyu ko uku ana magani babu sauƙi, ko mutuwa ta ƙaru, a koma wurin likitan da sabuwar gawa. Kada a ƙara wani magani a kan na farko da shawarar maƙwabci. Gawar da ba za a kai asibiti ba a ƙone ta, ko a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, a zuba toka ko farar ƙasa a rufe. Kada a jefa a kwata ko bola.

Idan cutar ta lafa, a kwashe duk kashi da shara daga akurki a ƙone, a wanke mazubai da sabulu a shanya a rana, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya nuna, a liƙe tsagar bango. Bayan Niyukasil a bar akurkin aƙalla wata guda kafin a zuba sababbi, sababbin kuma a ware su mako uku kafin a haɗa da waɗanda suka tsira.

Kafin ku rabu da likitan ku tsara rigakafi tare da shi. Ba a yi wa kaza mai ciwo rigakafi, sai garke ya warware. Na Niyukasil akwai Lasota da ake sawa a ruwan sha ko a ɗiga a ido, akwai kuma I-2 da cibiyar Vom ke yi, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga ɗigo ɗaya a ido a maimaita duk wata huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, kuma da an dama ta sai a ƙarar a cikin awa ɗaya zuwa biyu, don haka a sa rana ɗaya da maƙwabta a yi tare. A sayo ta a wurin da firjinsu ke aiki, a ɗauko a cikin ƙanƙara, kuma kada a dama da ruwan famfo mai kulorin. Jikin kaza na buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kama, saboda haka a Sakkwato a yi ɗaya daga cikin zagayen a watan Oktoba, kafin hunturu ya shigo.